Baƙi Sun Zo Sun Tafi, To Ina Kuɗin Ya Kwana?

Filin Tambaya da Amsa, tare da Baba Akawu

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, wato yawon buɗe ido da abin da yake yi wa aljihun talaka. Na zaɓi biyar daga ciki. Saboda sababbin masu karatu, bari in sake faɗa: shekara 11 na yi ina riƙe da sito da littafin kuɗi na wani masaukin baƙi a bakin gandun namun daji, kafin in koma koyar da lissafin kuɗi. A jikin rasit na fara koyon wannan magana, karatun littafi daga baya ya zo.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce a sashen tattalin arziki. Wani malaminmu ya ce yawon buɗe ido inji ne mai ɗaga ƙasa, wani kuma ya ce ƙasar da ta dogara da shi ta yi gini a kan yashi. Jarrabawa ta matso. Wanne zan rubuta?
Daga wata ɗaliba

Wa alaikumus salam 'yata. Rubuta duka biyun, ki kuma faɗi sharaɗin kowanne, domin a wurin sharaɗin maki yake.

Fara da girman abin. A 1950 mutum miliyan 25 ne suka tsallaka iyaka don ziyara a duk duniya. A 2019 adadin ya kai kusan biliyan 1.5. A waccan shekarar harkar ta samar kai tsaye da kimanin kashi 4 cikin 100 na dukiyar da duniya ta samar, in kuma aka haɗa da masu sayar mata da kaya da masu cin albarkacin ma'aikatanta, lissafin yana kaiwa kusan kashi 10, da aiki ɗaya cikin kowane goma. Abin da ya bambanta ta da auduga ko man fetur shi ne mai saye ne ke zuwa da ƙafarsa. Direban tasi, da mai aski, da mai sassaƙa, duk suna iya karɓar kuɗin ƙetare ba tare da sun ga jirgin ruwa ba. Ga ƙasar da ba ta da masana'antu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malaminki na farko zai kawo miki Sifaniya. A 1960 baƙi kimanin miliyan 6 suka shiga ƙasar, a 1973 sun haura miliyan 30, kuma da kuɗin da suka bari a bakin teku aka biya wani babban ɓangare na injinan da ƙasar ta shigo da su don masana'antunta. Zai kawo miki tsibiran Maldives, inda aka buɗe otal na farko na baƙi a 1972 lokacin da kamun kifi ne kusan duk abin da suke da shi, a 2011 kuma suka fita daga jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai kuma binciken da wasu masana biyu, Faber da Gaubert, suka fitar a 2019 kan garuruwan gaɓar tekun Meksiko, inda suka ga cewa wuraren da baƙi suka fi zuwa sun samu ƙarin ayyuka har a masana'antu, ba a otal kaɗai ba.

Malaminki na biyu shi ma Maldives ɗin zai kawo. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, masu tsallaka iyaka a duniya suka ragu da fiye da kashi 70 cikin 100, tattalin arzikin Maldives kuma ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara guda. Gambiya ta ɗanɗana tun kafin nan: a Satumban 2019 kamfanin Thomas Cook na Birtaniya ya durƙushe gab da lokacin zuwan baƙi, alhali shi ke kawo babban kaso na masu zuwa ƙasar. Mai gona in damina ta ƙi, yana da rumbun bara. Ɗakin otal da ya kwana babu kowa a daren jiya, ba a ajiye shi a sayar gobe.

Ga abu biyu da zan so ki ƙara da kanki. Na ɗaya, ki yi hattara da ganin abu biyu suna hawa tare ki ce ɗaya ne ya jawo ɗayan. Hanya mai kyau, filin jirgi, wutar lantarki da zaman lafiya suna kawo baƙi, su ne kuma ke kawo ci gaba ko babu baƙi. Na biyu, jimillar ƙasa na iya hawa alhali tazarar birni da karkara tana ƙara faɗi. A shekarun da gaɓar Sifaniya ke cika da otal, ƙauyukan tsakiyar ƙasar suna watsewa, matasa suna tafiya bakin teku da manyan birane. A ƙarshen Maris na 2019 dubban mutanen larduna irin su Soriya da Teruwel suka yi gangami a Madrid suna kukan an bar yankunansu wayam. Za a koya miki hasashen masanin tattalin arziki Simon Kuznets na 1955, cewa rashin daidaito yakan hau a farkon ci gaba sannan ya sauko. Ki rubuta shi, amma ki ƙara da cewa saukowar ba ta zuwa da kanta, sai an yi doka, an yi hanya, an yi makaranta. Allah ya ba da sa'a.

TAMBAYA TA BIYU

Baba, ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen gandun daji. Kullum motocin baƙi suna wucewa ta gaban makarantarmu, yara suna ɗaga musu hannu. A rediyo ana cewa gandun ya kawo kuɗi masu yawa bana. Mu kuwa ƙura muke samu, sai giwaye da ke shiga gonaki. Ina kuɗin yake tafiya? Ko mu ne ba mu iya nema ba?
Daga wani malamin makaranta

Malam, wasiƙarka ta taɓa ni, domin na daɗe ina zaune a cikin ofishin da waɗannan motoci suke tsayawa. Ba laifinku ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zo mu bi sawun kuɗin tare, tun daga inda ya fito.

Baƙon da ka ga ya wuce, ya gama biyan mafi yawan kuɗin tafiyarsa kafin ya bar gida. Kaso mafi tsoka na jirgin sama ne. Sai dillalin tafiye-tafiye na ƙasarsa ya cire nasa, kamfanin intanet da aka kama ɗaki ta hannunsa ya cire la'ada. Abin da ya rage ya sauka a babban birni, domin can filin jirgi yake, can ofishin kamfanin motocin yake, can baƙon ke kwana daren farko da na ƙarshe, can yake sayen tsaraba. Kuɗin shiga gandu kuma a ƙasashe da dama asusun gwamnatin tsakiya yake wucewa kai tsaye. Rediyo ba ƙarya ta yi ba da ta ce gandun ya kawo kuɗi. Ta dai faɗi inda aka ga zaki, ba ta faɗi inda aka ajiye kuɗin ba.

Saura abin da ya iso masaukin da ke kusa da ku. Wannan na san shi kamar tafin hannuna. Duk ranar Talata babbar mota mai firji takan iso mana daga birni, tafiyar fiye da rabin yini. Ni nake karɓar kaya ina sa hannu: ƙwai, kayan lambu, kaji, sabulu, har furannin da ake ɗorawa a tebur. Ƙauyen da ke tafiyar minti ashirin daga ƙofarmu yana da kaji, yana da lambu a bakin rafi. Wata rana na zauna na kasa kuɗin kayan sito na shekara gida biyu, abin da aka saya a cikin gundumar da abin da aka kawo daga nesa. Na gida bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, shi ma yawancinsa itace ne da yashin gyaran hanya.

Na tambayi shugaban kuku dalili, ya ba ni amsar da ba zan iya musantawa ba. Yana buƙatar adadi ɗaya kowane mako, rani da damina. Yana buƙatar rasit mai hatimi saboda masu binciken kuɗi. Kamfanin kuma sai bayan kwana 30, wani lokaci 60, yake biyan masu kawo kaya. Wane ƙaramin manomi ne zai ba da kaya ya jira wata biyu? Ɗan kasuwar birni yana da banki a bayansa, yana da mota, yana da ɗakin sanyi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na roƙi manaja ya yarda mu gwada. Mata 14 suka haɗa ƙungiya, muka buga musu littafin rasit, na samu izinin biyansu kuɗi hannu duk ranar Juma'a. Wata biyun farko an sha wuya, wani mako ƙwai ya yi yawa, wani mako babu. Daga baya suka raba kwanaki a tsakaninsu, abin ya daidaita. Shekara biyu muka yi a haka, na ga an sa wa ɗakuna kwano, na ga yaran da aka mayar makaranta. Sai hedkwatar kamfanin ta ƙulla kwangila guda da wani babban mai kawo kaya don duk masaukanta, aka aiko mana da takarda mai layi uku. Ni aka sa na je na gaya wa matan. Har yau in na tuna fuskar shugabarsu a ranar, raina yakan ɓaci. Kuskurena shi ne na dogara da kirkin manaja ɗaya, ban nemi a rubuta abin cikin yarjejeniyar hayar filin da masaukin yake kai ba.

Haka batun aiki. Manaja, akawu, kuku, jagoran da ke jin harsunan baƙi, duk daga birni aka kawo mu, domin mu ke da takardar shaida. 'Yan ƙauyen suna gadi, wanki, sharar fili, kuma su ake fara sallama in lokacin baƙi ya wuce.

Amma ba ko'ina abin yake haka ba, kuma bambancin yana da darasi. Masu bincike na cibiyar ODI da ke Landan sun bi sawun kuɗin baƙi a wurare da dama na Afirka da Asiya. A Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya sun ga fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da baƙo ke kashewa a cikin ƙasar yana isa hannun talakawa. Dalili a fili yake: ba a yarda ka hau dutsen nan mai tsawon mita 5,895 ba tare da jagora mai lasisi ba, kowane mai hawa yana tafe da 'yan dako da mai dafa abinci na kusan mako guda, kuma yawancinsu mutanen gindin dutsen ne. A Angkor ta Kambodiya kuwa, wurin tsoffin gidajen ibada, inda baƙin waje sama da miliyan 2 suke zuwa a shekara kafin korona, kowanne yana biyan dala 37 don tikitin yini ɗaya, kason talaka bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, lardin Siem Reap da Angkor ke ciki kuma ya daɗe cikin lardunan ƙasar masu fama da talauci. Yawan baƙi bai gaya maka komai ba, Malam. Ka tambayi hannu nawa na mutanen wurin ne baƙon ba zai iya yin tafiyarsa ba sai da su.

Sai babbar magana, wato ƙasa. Gandun daji da yawa a duniya gidan wasu ne kafin a zana musu iyaka. A 1959 aka fitar da 'yan ƙabilar Masai daga gandun Serengeti na Tanzaniya, a Yunin 2022 kuma aka sake rikici a Loliyondo da ke kusa da shi kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500. A Yuganda, da aka mayar da dazukan Bwindi da Mgahinga gandun gwamnati a 1991 saboda goggon biri, an raba 'yan ƙabilar Batwa da dajin da suka gada, sai a 2021 kotun tsarin mulkin ƙasar ta tabbatar an zalunce su. Irin wannan asara ba ta fitowa a lissafin ci gaban ƙasa, kamar yadda gonar da giwa ta tattake ba ta fitowa.

Inda ƙauye ya ci moriya sosai, za ka tarar yana riƙe da haƙƙin ƙasa a rubuce. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta ba al'ummomin karkara iko a kan namun dajin yankinsu in sun yi rajista, yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi fiye da 80, kuma mai son gina masauki da su zai zauna ya yi ciniki. A kewayen gandun Masai Mara na Kenya, tun wajajen 2006, masu masaukai suna karɓar hayar fili daga masu shi suna biya wata-wata ta banki, ko ɗakuna sun cika ko ba su cika ba. Ruwanda, inda izinin ganin goggon biri ya koma dala 1,500 a 2017, ta ɗaga kason al'ummomin gefen gandu daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a wannan shekarar, ana gina azuzuwa da asibitoci da tankunan ruwa. Yuganda tana ba da kashi 20 na kuɗin ƙofa. A ganina hayar fili ta fi kason gwamnati ƙarfi, domin mai karɓar haya yana iya cewa a'a, mai karɓar kaso kuwa sai abin da aka ba shi. Ita ma hayar tana da aibinta: wanda sunansa ke kan takardar fili shi ke karɓa, yawanci magidanci, sai a bar mata da samari marasa fili a baya, a buɗe sabuwar tazara a cikin ƙauyen kansa.

Kai malami ne, kana iya rubutu, saboda haka ga aikinka. Nemi sanin ko dokar ƙasarku ta tanadi kaso ga al'ummomin gefen gandu, da wanda ke karɓa da sunanku, da nawa ya karɓa bara. Nemi sanin wa ya ba da filin da masaukin ke kai da shekarar da yarjejeniyar za ta ƙare, domin ranar sabuntawa ita ce ranar da muryarku ke da nauyi. A ranar ku nemi a rubuta abu uku da lamba: adadin ma'aikata 'yan gida har da manyan kujeru, kason kayan sito da za a saya a gida tare da biya cikin mako, da diyyar gonar da dabba ta ɓata. Ku kuma fara ajiye littafin ɓarnar giwaye tun yau, da kwanan wata da sunan mai gona da hoto. Ban taɓa ganin kukan baki ya yi nasara a teburin da ake buɗe fayil ba.

TAMBAYA TA UKU

Baba, shekarata 23. Abokina ya samo mini aikin hidimar tebur a wani otal a bakin teku. Mahaifina ya ce in na tafi na bar gona, irinmu ne ke kashe ƙauye. Gaskiyarsa ce?
Daga wani matashi

Ɗana, mahaifinka yana da gaskiya a rabi. Kankun ta Meksiko kafin 1970 wurin masunta ne da ba su fi ɗari da 'yan kai ba, gwamnati ta zaɓe ta don gina otal-otal, a 2020 mutanenta sun kusa 900,000, da yawansu 'ya'yan ƙauyukan ƙabilar Maya ne da suka bar gona. A Tailan, wadda ta karɓi baƙi kusan miliyan 40 a 2019, yankin Isan na arewa maso gabas bai cika ganin baƙin waje ba, amma 'ya'yansa ne cike da otal-otal na Bankok da Fuket. Kuɗin da suke aikawa gida yana riƙe da iyalai masu yawa. Ta wannan hanya yawon buɗe ido yana isa karkara, sai dai yana isa ne bayan ya ɗauke mata masu ƙarfi.

Ban ce kada ka tafi ba. Ka tambaya kafin ka tafi: aikin na duk shekara ne ko na watannin baƙi? Akwai takardar ɗaukar aiki? Wa zai biya ɗakin kwana? Haya a garin baƙi takan cinye albashin ƙaramin ma'aikaci, na ga wannan da idona. In ka je, kada ka tsaya a ɗaukar faranti. Koyi harshen baƙi, koyi girki ko aikin sito, ka lura da abin da otal ke saye da yadda yake so a kawo masa. Kada kuma a sayar da gonar. Ka zauna da mahaifinka ku yanka shekarun da za ka yi da abin da za ka riƙa aikowa, ka nemi albarkarsa kafin ka ɗauki jaka.

TAMBAYA TA HUƊU

Na ga a labarai mutanen wasu biranen Turai suna zanga-zangar korar masu yawon buɗe ido. Ashe birni ma ba ya jin daɗin?
Daga wani mai karatu

Ɗan'uwa, a birni ma akwai mai gida akwai ɗan haya. In baƙo na kwana uku zai biya abin da ɗan gari ke biya a wata, mai gida zai sallami ɗan gari. Tsohon garin Benis na Italiya yana da mutane kusan 175,000 a 1951, a 2022 sun faɗo ƙasa da 50,000, a Afrilun 2024 kuma aka fara karɓar yuro 5 daga masu zuwa yini ɗaya a wasu ranaku. A Yunin 2024 magajin garin Basalona ya sanar da cewa zuwa ƙarshen 2028 za a daina ba da lasisin gidaje kimanin 10,000 da ake ba baƙi haya. In na ce kuɗi yana kwana a birni, ina nufin a hannun masu gini da masu jari. Mai wanke zanin gado a birnin, halinsa ya fi kusa da na malamin da ya rubuto mana a sama.

TAMBAYA TA BIYAR

Baba, mu ƙungiyar mata ce a karkara, tafiyar awa biyu daga wani babban birni. Ba mu da zaki ba mu da teku, sai tafki da gonaki da inuwa. Wata a cikinmu ta ce mu gyara wuri mu riƙa karɓar masu zuwa hutun ƙarshen mako. Wasu suna dariya, wai wane Bature ne zai zo. Mu ci gaba?
Daga shugabar wata ƙungiyar mata

Hajiya, masu dariyar suna kallon baƙon da bai kamata ku jira ba. Wanda ya fi rage tazarar birni da karkara shi ne ɗan ƙasa mai ɗan abin hannu da ya gaji da hayaniya. Ba ya biyan jirgi, ba dillali a tsakani, yana jin harshenku, yana cin abin da kuke ci, kuma kuɗinsa daga aljihun birni yake fitowa ya shiga na ƙauye kai tsaye. In annoba ko rikici ya hana na waje zuwa, shi yana nan.

Ƙasar Sin ce babban misali. A ƙarshen shekarun 1980 manoman kewayen birnin Chengdu suka fara buɗe gidajensu ga mutanen birni, a ci abinci, a sha shayi, a kwana. Abin ya bunƙasa ne da gwamnati ta mayar da hutun mako kwana biyu a 1995, ta kuma ƙirƙiro dogayen hutu na mako guda a 1999. A 2019 tafiye-tafiyen cikin gida a ƙasar sun kai kimanin biliyan 6. Kuɗin shigar ɗan birni, wanda ya haura ninki 3 na ɗan karkara a wajajen 2009, ya sauko ƙasa da ninki 2.5 a 2023. Ba zan jingina wannan duka ga masu yawon hutu ba, domin a tsakanin an soke harajin noma a 2006, an shimfiɗa hanyoyi, miliyoyin ma'aikata suna aiko da kuɗi gida. Amma a ƙauyukan da ke kusa da birane, baƙin ƙarshen mako sun taka rawa ta gaske.

Italiya kuma ta yi dokar masaukin gona a 1985, da sharaɗin da nake ƙauna ƙwarai: dole noma ya ci gaba da zama babbar sana'ar gidan, karɓar baƙi ƙari ne. Yau gonaki kimanin 25,000 ke wannan harka. Sai dai ki lura, sun fi yawa a Tuskani da yankin Bolzano, wuraren da dama can suna da hanya da suna. Haka a ƙasar Butan, wadda ke karɓar dala 100 a kowane dare daga baƙon waje tun 2023 in ban da 'yan Indiya, yawancin baƙi a yammacin ƙasar suke tsayawa kusa da filin jirgin Paro, gabashi mai nisa yana samun kaɗan. Ko a Maldives, sai da aka yarda a 2009 mutanen gari su buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da suke zaune, sannan wurare irin su Maafushi suka fara ganin kuɗin baƙi a hannunsu, bayan kusan shekara 40 ana yi a tsibiran da aka keɓe. Awa biyun nan da ke tsakaninku da birni jari ce babba, in hanyar tana biyuwa da damina.

Ku ci gaba, amma da kaɗan. Kada ku ci bashi ku gina ɗakunan kwana tun farko. Ku fara da masu zuwa yini: inuwa mai tsabta, ruwan sha mai kyau, banɗaki na maza da na mata wanda ba za ku ji kunyar nuna wa suruki ba. Banɗaki ya kori baƙi fiye da mummunar hanya, na karanta wannan a littafin ƙorafin masaukinmu sau ba adadi. Ku tabbatar filin bakin tafkin an rubuta shi da sunan ƙungiya kafin wurin ya yi suna, domin ranar da motoci suka fara jeruwa, masu kuɗin birni za su zo sayen fili, farashin da za su faɗa kuma zai yi wa mai buƙata daɗin ji. Ku ba da haya ta 'yan shekaru in ya zama dole, kada ku sayar. Ku yi magana da masunta da makiyayan da ke amfani da tafkin tun yanzu, a san rabon kowa, kada ku yi musu abin da gandun daji ya yi wa wasu.

Ku sayi littafi mai layi, ku raba kowane shafi gida uku: abin da ya shigo, abin da kuka saya a cikin ƙauye, abin da kuka sayo daga birni. Mace biyu su riƙa sa hannu kowace ranar Lahadi da yamma, a karanta wa kowa a taron wata. Bayan wata shida ki aiko mini da jimillar gidajen nan uku da adadin motocin da suka zo, mu duba tare ko lokacin gina ɗaki biyu na kwana ya yi.